Rabin Zance a Saman Bagudo

Da reza yake yanka kwalin, ba ya yarda da almakashi. Yakan shimfiɗa kwalin sabulu a kan benci, ya danne shi da tsohuwar rula ta ƙarfe, ya ja, sai siririn yanki ya faɗo, faɗinsa yatsa biyu, tsawonsa taƙi guda. Takwas yake yankawa kullum bayan sallar azahar, ya jera su a kan wani katako da ke jingine da bango, ya fiƙe fensirinsa, sannan ya kunna rediyo. Shekara biyar ke nan ina zama a shagon ƙofar gidansa a Bagudo ina kallon wannan aiki, ban taɓa ganin ya sauya jerin ba.

Kowane yanki jirgin sama ɗaya ne. In matuƙi ya yi magana, sai Namadi ya rubuta sunan jirgin da nisansa daga ƙasa da lokaci. In jirgin ya tsallaka iyaka, ya kifar da yankin.

Rediyon ba ta kai tafin hannu biyu ba. Wayarta ta bi ta taga ta hau wata doguwar gora da ya ɗaure a jikin dogonyaro. Ba ta kama waƙa, ba ta kama labaru, muryoyin matuƙa kawai take kamawa. Kunne gare ta, ba ta da baki. Kuma rabin zance take kawowa. Muryar matuƙi daga sama take zubowa, babu tudu babu itace tsakaninta da mu. Muryar mai ba shi umarni kuwa a ƙasa take, can Kano, dazuzzuka da tuddai sun shanye ta kafin ta iso gaɓar Kwara. Sai ka ji mutum ya yi tambaya, a yi shiru, sannan ya ce ya gode. Wannan shirun Namadi yake cikewa. Yakan gyara zama, ya faɗi da Turanci abin da ya san mutumin Kano yana faɗa a daidai lokacin, da muryar da ba ya amfani da ita a masallaci ko a kasuwa, murya shimfiɗaɗɗiya mara hawa da sauka. Da ya rufe baki sai matuƙin ya maimaita abin da ya faɗa, kalma da kalma, kamar shi ya ji.

Jirgi ɗaya ne ba ya cike wa shiru. Litinin da Alhamis, wajen ƙarfe uku saura kwata, akwai wanda ke tasowa daga Abuja zuwa Yamai, ya bi ta saman mu. A rediyo sunansa Shamuwa biyu-ɗaya-huɗu. Ɗaya daga cikin matuƙansa biyu mace ce, Saratu, 'yarsa ta fari. Shekara shida ke nan kalma ba ta shiga tsakaninsu ba, kuma wannan daƙiƙa ashirin ko talatin ita ce duk abin da ya rage masa na muryarta.

A Geza aka haife shi, gidan manoman shinkafa. Ya ce aikinsa na farko a duniya korar tsuntsaye ne a fadama, daga hantsi zuwa yamma, kai a sama. Wanda ya wuni yana kallon sama saboda jan-baki dole ya ga abin da ke bayan jan-bakin: farin zare da wani abu mai ƙyalli ke ja daga gabas zuwa yamma, ba ƙara, ba gaggawa. Ya tambayi mahaifinsa wa ke nuna wa abin nan hanya. Tsohon ya ce Allah. Namadi ya ce ya yarda, amma zuciyarsa ta ba shi akwai wani ma'aikaci a tsakani.

Ya yi makaranta, ya samu aiki a filin jirgi. Da farko shi ne mai rubuta irin waɗannan yankunan takarda ya miƙa wa manya. Daga baya aka tura shi kwas, ya dawo ya sa abin sauraro a kunne, ya zauna a hasumiya. Shekara talatin da biyu, Sakkwato, Maiduguri, Kano. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, kuma sau huɗu kacal ya shiga ɗaya. Amma ya ce akwai ranakun da rai ɗari tara ke rataye a harshensa lokaci guda.

Harshen wurin nan, in ji shi, harshen marowata ne. Ba a gaisuwa mai tsawo, ba a tambayar gida da gajiya, domin layi ɗaya kowa ke amfani da shi, in kana magana ka toshe bakin wani wanda wataƙila injinsa ke ci da wuta. Ka kira sunan wanda kake nufi, ka faɗi naka sunan, ka faɗi buƙata, ka yi shiru. Kuma ba a yarda an ji magana sai wanda aka gaya wa ya maimaita ta. In ka ce wa matuƙi ya sauko ƙafa dubu tara, ya ce to, ba ku gama ba. Sai ya ce ƙafa dubu tara da bakinsa, ka ji da kunnenka.

Wannan hali ya bi shi gida. Matarsa Atika, Allah ya jiƙanta, ta mai da shi abin dariya. In ya ce a dafa masa ruwan wanka a ajiye masa tuwo, sai ta ƙame a tsakar gida da muciya a hannu ta ce, “Ruwan wanka, tuwo, an ji, hasumiya.” Maƙwabta suka ɗauka, har yau a unguwarmu akwai masu ce masa Namadi Hasumiya.

Saratu a cikin wannan ta tashi. Da yake ta fari ce, ba ya kiran sunanta, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya yabonta. Haka aka yi masa, haka aka yi wa ubansa. “Yarinyar nan” yake cewa. Amma kunya ba ta hana koyarwa ba, sai ya zuba duk abin da ba zai iya faɗa ba a cikin darasi. Tana shekara bakwai ta haddace haruffan matuƙa, Alfa, Birabo, Cali, har ƙarshe. Wata ranar Sallah ya hau da ita hasumiya, da lallenta da sabon takalmi, ya nuna mata allon rada, inda kowane jirgi ke tafiya kamar ƙwayar gero mai haske. Ta tambaye shi yadda aka yi allon ya san sunan kowa. Ya ce tun daga wannan tambaya ya san ba za ta zauna a ƙasa ba.

Ni ma na taɓa yi masa tambayar, shekaru da yawa bayan haka. Ya ajiye fensir.

“Akwai wani akwati a cikin kowane jirgi,” ya ce. “Turansifonda. Ka ce masa akwatin amsa. Ba ya magana don kansa. Sai na'urar ƙasa ta tambaye shi, sannan ya amsa.”

“Me yake cewa?”

“Ya danganta da inda aka murɗa shi. In yana Alfa, lamba huɗu kawai zai faɗa, wadda na ba matuƙin. Daga sifili zuwa bakwai, babu takwas babu tara. In yana Cali, sai ya ƙara da nisansa daga ƙasa. Na zamani kuma, Es, wannan ya san sunansa. Jirgi ɗari na sama, ka kira shi kaɗai, shi kaɗai zai amsa.”

“In aka kashe shi fa?”

“Kashewa daban. Akwai wani wuri tsakanin kashewa da kunnawa. Akwatin na da wuta, yana da ɗumi, lafiyarsa ƙalau, ba ya dai amsawa.” Ya ɗauki fensirinsa ya duba bakinsa. “Wannan ya fi ba mu wahala. Ka san mutum na nan.”

Bayan ya yi ritaya suka dawo Bagudo da Atika. Saratu kuwa ta samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgi a Zariya. Daminar da za ta gama, Atika ta kwanta. Ranar Litinin zazzaɓi ne, Talata aka kai ta asibiti. A makon ne Saratu ke jarrabawar ƙarshe, wadda za ta tashi da jirgi mai jarrabawa na zaune a gefenta, Jumma'a da ƙarfe goma. Kowace yamma takan kira, shi kuma ya ce da sauƙi, ta yi barci ne.

Akwai doka a hasumiya da ba ta buƙatar a rubuta ta. In jirgi ya miƙe zai sauka, ba a gaya wa matuƙi komai sai abin da ya shafi saukar. Ko gidansa ne ya kama da wuta, ka bari tayoyinsa su taɓa ƙasa. Shekara talatin da biyu Namadi na kiyaye wannan, kuma ta tsirar da mutane. Ranar Laraba Atika ta buɗe ido ta ce a kira mata yarinyar nan. Ya sunkuya ya ce mata jibi za ta gama, jibi da yamma tana hanya. Ya yi lissafi irin na ma'aikaci: kwana biyu ne.

Atika ta cika Jumma'a da sanyin safiya. Ya riƙe wayar a hannu har ƙarfe goma sha biyu, sai da ya tabbata ta sauka, sannan ya kira. Ta ɗauka da murna, ta riga shi magana, ta ce Baba na ci. An yi jana'iza bayan an sauko daga masallaci. Ita ta iso washegari da hantsi.

Kwana bakwai ta zauna cikin mata tana karɓar gaisuwa. Ranar da za ta koma ta shigo shagon nan, ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ina zaune, na so in tashi, ya yi mini alama in zauna.

“Baba, ta neme ni?”

Wani uban zai ce a'a, ya bar yarinya ta tafi da sauƙi. Namadi bai iya ba da rahoton da ba daidai ba sau biyu.

“Ta neme ki.”

“Yaushe?”

“Laraba.”

“Laraba,” ta ce. Ta maimaita ne kamar yadda ya koya mata, don ya san ta ji. Ta miƙe ta ɗauki jakarta. Mai babur na jiranta a waje.

Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba ta kai ƙararsa wurin kowa ba. Gaisuwar Sallah na zuwa, maganin ido na zuwa, duk ta hannun Fatiha, ƙanwar Atika, wadda ke sayar da busasshen kifi a kasuwar Lolo. Shi ma ta hannun Fatiha yake aika albarka. Bai kira ba, domin a ganinsa mai laifi ba ya toshe layi, sai ya jira a neme shi. Shekara guda bayan haka wani tsohon abokin aikinsa ya kawo masa rediyon nan. Daga baya Fatiha ta zo da labarin cewa yarinyar ta fara bin hanyar Yamai.

Ba kullum yake jin ta ba. Wani lokaci muryar namiji ce, wani lokaci hadari ya cika rediyon da ƙarar tsawa. Amma in an dace, sai ka ji ta tsaf, kamar tana bayan ƙofa: Kano, Shamuwa biyu-ɗaya-huɗu, ƙafa dubu talatin da huɗu, mun kusa iyaka. Shiru. Sai ta maimaita lambar tashar Yamai da aka ce ta koma. A ƙarshe ta ƙara wasu kalmomi biyu da babu su a littafin aiki, waɗanda matuƙa ke ba juna kyauta, ma'anarsu a wuni lafiya. Wani baƙo a Kano take gaya wa. Namadi yakan rufe ido ya karɓa. Wani lokaci in sama ta yi garau mukan fita mu ga farin zaren ya ratsa ta kan kogi, ya nufi wajen Lolo, ya shiga ƙasar da ba tamu ba, inda ba a tambayarsa takarda.

Wata Litinin a ƙarshen daminar bana, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, Fatiha ta sauka daga babur da kwandonta. Jirgin bai daɗe da wucewa ba.

“Salamu alaikum, masu gadin sama. Wa kunka kama yau?”

“Warin kifinki ya riga ki sallama,” in ji Namadi.

“Warin nan shi ka cika maka tukunya, Yaya. Mutane na yankan shinkahwa, kai kana yankan kwali. Malam, kai ma da hankalinka ka biye mai?”

Na ce ni ɗan rakiya ne. Ta ajiye masa ƙunshin kifi a kan benci, ya janye yankunansa da sauri kada mai ya taɓa su. Ta zauna a kan tabarma, ta warware mayafi, ta sha ruwa. Fatiha ba ta iya riƙe labari, sai ka gan shi yana motsi a fuskarta.

“Ɗiyakka ta samu wani aiki,” ta ce. “Can gabas, ƙetaren teku, ƙasar Larabawa. Manyan jirage, masu hawa biyu. Asabar za ta tahi.”

Namadi ya daidaita yankunan kwalin, ko da yake a daidai suke.

“Wannan hanya fa?”

“Alhamis ta ƙarshe.”

“Alhamis,” ya ce.

“To ka ji. Mi za ka yi?”

“Allah ya sa albarka. Ki gaya mata.”

“Ni ban hwaɗa mata komi. Na gaji. Kai jira, ita jira, ni kun mai da ni jakar Lolo, kai kaya kawo kaya. Ƙahwahuna sun tsuhwa. Bakinka ciwo shikai?”

“Ba ki san aikin nan ba, Fatiha.”

“Na san aikin kihi. In ka bar shi kana jiran ranar da ta dace, tsutsa ka riga ka.”

Ya yi dariya kaɗan, ita ba ta yi ba.

Talata ya sa aka sare reshen dogonyaron da ke gogar gorar. Laraba ya je kasuwa ya sayo sabon batir, ya goge bakin wayar eriya da toka har ta yi ƙyalli. A ranar ne ya ba ni labarin wani ƙaramin jirgi a Maiduguri, shekaru da yawa baya, wanda rediyonsa ta mutu cikin hadari. Matuƙin ya murɗa akwatinsa zuwa bakwai-shida-sifili-sifili, lambar da ke nufin na rasa murya. Ƙa'ida ta ce mai hasumiya kada ya yi shiru don an yi masa shiru. Ya ci gaba da magana, ko ana ji ko ba a ji. Namadi ya ce masa, in kana ji na, danna maɓallin shaida. Ya zuba wa allo ido. Sai ƙwayar geron nan ta kumbura ta yi haske, kamar an hura garwashi.

“Minti ashirin da biyu ina magana ni kaɗai,” ya ce. “Juya dama. Sauko. In ka ji, danna. Ya danna. Har ya sauka ban ji muryarsa ba. Da yamma ya hawo hasumiya, wani ɗan siririn mutum, ya riƙe hannuna ya kasa cewa komai.”

Na ce, to ai ga shi ka san yadda ake yi.

“Wancan ya sa lamba,” ya ce. “Ya nuna yana so a yi masa magana.”

Alhamis ta zo da hadari daga gabas. Tun azahar iska ke kawo ƙanshin ƙasa, awaki na neman gindin bango. Fatiha ta zo, ta ce wai rakiyar wata ta yi asibiti, ba wanda ya tambaye ta. Namadi ya sa farar riga wankakkiya. Yanki takwas ya yanka kamar kullum. Jirage biyu suka wuce, bai cike musu shirunsu ba. Rediyon na ta ƙara, kowace walƙiya sai ta yi kamar an yaga ƙyalle.

Uku saura minti goma sha biyu, sai ga shi. Kano, Shamuwa biyu-ɗaya-huɗu. Muryar namiji ce, mai kauri, ta wani da ba mu sani ba. Ya nemi izinin kauce wa hadari mil ashirin zuwa hagu. Shiru. Ya maimaita. Bayan minti huɗu ya sake kira, ya karɓi tashar Yamai, ya yi sallama. Shi ke nan.

Fensirin na hannun Namadi, bai rubuta komai ba.

“Ba ta ciki?” in ji Fatiha.

“Tana ciki.” Ya ajiye fensirin. “Su biyu ne. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na magana. In kin ji shi, to jirgin na hannunta. Ita ta kauce wa hadarin nan.” Ya dubi taga, inda babu abin gani sai baƙin gajimare. “Mil ashirin. Daidai ne. Ni ma haka zan ce.”

“To da dawowa hwa? Ba ita ka magana ba?”

“Da dawowa ta kudu suke bi, wata tasha. Ba ta kamawa nan.”

Ruwa ya fara sauka, ɗigo manya-manya a kan kwano. Namadi ya kifar da yankin kwalin ba tare da rubutu ba, ya kashe rediyon, abin da ban taɓa ganin ya yi kafin la'asar ba. Ɗakin ya yi faɗi.

Can ya dubi agogonsa. “Minti talatin da biyar su sauka. Sannan minti hamsin a ƙasa.”

“To ga lokaci,” in ji Fatiha.

“Tana da tashi a gabanta. Ba a ɗora wa matuƙi magana mai nauyi yana shirin tashi.”

Fatiha ta tafa hannu sau ɗaya. “La ilaha illallahu. Yaya, wagga magana ba ita ta kai mu nan ba? Yau tana da tashi, gobe tana haɗa kaya, jibi tana bisa teku. Yaushe matuƙi ba shi da tashi gabanai? Sai ranar da anka kira ta anka ce kai ma ka cika?”

Bai ɗago ba.

“Bari in tambaye ka. Ni da ban san boko ba, ban san Abuja ba, wa ka hwaɗa min an mai da jirgi daga Laraba zuwa Alhamis bara? Wa ka hwaɗa min uku saura kwata? Tsuntsu? In an canza, ita ka kira ta ce, Inna, an canza muna lokaci. Ta hwaɗi sau biyu, ta ce in maimaita mata. Mi zan yi da lokacin jirgi, kihi zan aza mai?”

Namadi ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

“Ta san da rediyon?”

“Duk Bagudo an san da rediyon.”

Muka zauna. Ruwa ya yi ƙarfi, ya cika kwatar ƙofar gida, ya fara sassautawa. Ladan ya kira la'asar, muka yi salla a cikin shagon, ni da shi, Fatiha ta shiga cikin gida ta yi tata ta dawo. Da ya sallame bai tashi daga kan buzu ba, agogo kawai yake kallo, bakinsa na motsi. Ban sani ba ko tasbihi yake, ko saukar yake bi mataki-mataki.

“Sun taɓa ƙasa,” ya ce. Ya ƙara jira. “Fasinja na fita.”

Fatiha ta kwance bakin zanenta ta fito da wayarta. “Ungo. In ta ga lambata ɗauka takai, ko tana wanka.”

“A'a.”

“Yaya!”

“Ba a kiran jirgi da sunan wata hasumiya. Ta ga ni ne. In ta so ta ɗauka, in ta so ta bari.”

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya laluba aljihun rigar da ke rataye a ƙusa, ya ciro 'yar wayarsa mai maɓallai, wadda roba ke riƙe da murfinta. Fatiha ta miƙo mini tata ta ce in karanto masa lambar. Ya ɗaga hannu.

“Na san ta.”

Ya tsaya a tsakiyar ɗakin da wayar a hannu, ya dube ni, ya dubi Fatiha. Sai na gane. Zai kira sunanta ne, kuma mutumin Geza mai shekara saba'in ba zai kira sunan 'yarsa ta fari a gaban ƙanwar matarsa da maƙwabcinsa ba. Na yunƙura zan tashi.

“Zauna, Malam, ruwa bai ɗauke ba,” ya ce.

Ya gyara hularsa, ya zura takalmansa a bakin ƙofa, na hagu ya ƙi shiga sai da ya sunkuya ya ja shi da yatsa. Ya ɗaga labule ya fita.